Wace taya ce ta dace da lakar sanyi a Hada da Shafa?

"Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Jidda, duk ƙarshen sati mukan ɗora kekuna a mota ni da abokaina mu hau tsaunukan Hada ko Shafa dake gefen Ɗa'if. Kekena irin mai shokoba a gaba kawai ne, wil mai inci 29, kuma har yanzu tayar da ya zo da ita daga kamfani ce a jiki, mai faɗin inci 2.25, da tif a ciki. Lokacin zafi ba ni da wata matsala, amma tunda aka fara ruwan sanyin nan tayar gaba take zame min a kwana, laka ta cike ta ta koma sumul, har na sha ƙasa. Na duba YouTube naga Turawa na cewa a sayi tayar laka mai dogayen haƙora irin su Wetscream ko Dirty Dan. Nauyina kilo 78, na ware riyal 600. Wacce zan saya, kuma dole ne sai na canza duka biyun?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa, ina fatan faɗuwar bata bar maka wani ciwo ba. In na fahimce ka abu biyu kake son sani, ko tayar laka ta gasken nan da ka gani a bidiyo ita ce maganin zamewar da kake yi, da kuma yadda zaka raba riyal 600 ɗinka tsakanin gaba da baya. Toh tun daga farko, kar ka sayi Wetscream, kar ka sayi Dirty Dan. Tayoyi ne masu kyau sosai amma ba don ƙasarmu aka yi su ba, in ka ɗora su a duwatsun nan zamewar da zaka yi sai ta fi ta yanzu. Abinda kake buƙata taya ce tsaka-tsaki mai wadataccen fili tsakanin haƙora da roba mai laushi a gaba, sannan ka gyara maganar iska, wadda ina kyautata zaton ita ce rabin matsalarka. Bari in bi maka dalilin a hankali, don gobe in ka shiga shago ka iya zaɓa da kanka ko babu sunayen da zan ambata.

Lakar tamu daban, tasu daban

Masu waɗancan bidiyoyin yawanci 'yan Ingila ne da Wales da ƙasashen tsaunukan Alps, inda ruwa ke sauka wata da watanni ƙasa bata bushe ba, daji ne mai ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, taɓon yana da zurfi har ƙafa ta nutse. A irin wannan wajen dogon haƙori yana huda taɓon ya je ya kama ƙasa mai ƙarfi dake ƙarƙashi. In kana son ganin inda tayar ke nuna kanta ka nemi tseren gangara na gasar duniya da aka yi a Champéry ta ƙasar Suwizalan a 2011, wanda Danny Hart ya ci ana tsuga ruwa da ratar sama da daƙiƙa 11. Wannan shi ne gidan tayar laka, gangara zalla, a kai ka sama ka sauko, babu ruwanka da tuƙa feda kilomita goma kana hawa.

Mu kuma a nan Ɗa'if abinda ke ƙarƙashinmu dutse ne, giranit, da yashin da ya marmashe daga jikinsa. In aka yi ruwa abinda ake samu shi ne 'yar laka siririya a kan fa, kaurinta da ƙyar ya kai yatsa, sai jiƙaƙƙen yashi da tsakuwa, sai duwatsu da hazo ya lulluɓe suna naso. Kwana ɗaya biyu rana ta fito iska ta kaɗa, an koma ƙura. Ko a ranar da ka fita bayan ruwa, in ka lura da kyau, wajen da yake caɓi na gaske ɗan kaɗan ne a kwaruruka da inuwar itatuwan ar'ar, sauran hanyar duk dutse ne jiƙaƙƙe. Dogon haƙori idan ya taka dutse bashi da inda zai shiga, sai ya lanƙwashe, kaji keken yana rawa a ƙarƙashinka kamar ba'a ɗaure wil ba, kuma a kwana haƙorin gefe ya kan kwanta lokaci guda ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Ga nauyi, irin waɗanda ake nunawa a bidiyon kowace ta haura kilo ɗaya da kyau, ga jan ƙafa a hawa, sannan giranit ɗin nan yana cinye su kafin sanyi ya fita.

Akwai laka ta biyu da muke gamuwa da ita, ita ce wadda ruwa ke kwantarwa a cikin wadi, wato busasshen kwarin da ruwa ke bi, bayan ambaliya ta wuce, mai laushi mai danƙo, da jar lakar da 'yan uwanmu na Riyad ke fama da ita a gindin tsaunin Tuwaiƙ, da sabkha, wato ƙasar gishiri ta bakin teku, wadda samanta busasshe ne ƙasanta ruwa. Wannan zan dawo kanta, don maganarta ba ta taya bace.

Abinda zaka duba a haƙoran taya

Ɗauki tayar taka ta yanzu ka kalle ta. Zaka ga haƙoran gajeru ne, ƙanana, a matse da juna. An yi su haka don keken ya yi gudu a busasshiyar hanya ya kuma yi sauƙi a hannu ranar da kake gwada shi a shago. Laka tana shiga tsakaninsu bata samu hanyar fita ba, juyi biyu uku ta cike, daga nan laka ce ke taka laka. Tayar dake aiki a jiƙa tana da fili tsakanin haƙora wanda ɗan yatsanka zai iya kwanciya a ciki, saboda yayin da wil ke juyawa jikin tayar yana lotsawa yana dawowa sai ya tofar da lakar. Abu na biyu haƙoran gefe, su ne ke riƙe ka a kwana, kana son su da kauri a gindi, in ka tura da babban yatsa su ɗan ba da kai amma kar su kwanta. Na uku 'yan tsage-tsagen dake saman kowane haƙori, waɗannan suna buɗewa su kama jiƙaƙƙen dutse, kuma a wajenmu suna da amfani ƙwarai.

Wadda na fi ɗora wa mutane a gaba don irin hawan da kuke yi ita ce Magic Mary ta kamfanin Schwalbe, 29 da faɗin 2.4. Tana zubar da laka yadda ya kamata, tana kama yashi da tsakuwa, kuma a kan dutse bata yi maka rawa, ko rani ya shigo zaka iya barinta. Ta biyu Shorty ta Maxxis, wadda asalinta tayar laka ce aka rage wa tsawon haƙori, ta fi Magic Mary son caɓi amma ta ɗan fi ta rashin natsuwa a busasshen fa. Hillbilly ta Specialized da Argotal ta Continental duk dangin nan ne. In baka samu ko ɗaya ba, Minion DHF ko DHR II na Maxxis suna yi, basu kai waɗancan zubar da laka ba amma sun yi wa tayar kamfani nisa. Wadda zan ce ka yi hattara da ita ita ce Assegai, samari na sonta kuma a busasshe da jiƙaƙƙen dutse ba'a magana, amma haƙoranta sun yi yawa sun matsu, in lakar mai danƙo ce tana cikewa da wuri.

Baya kuma lissafin daban ne. Tayar baya in ta zame ka kan iya gyarawa da jiki ko ka sa ƙafa, ta gaba in ta tafi kai da ƙasa ne. Shi yasa in kuɗin na taya ɗaya ne to gaba za'a saya, babu jayayya. A baya kana son wadda zata ciji ƙasa a hawa ta kuma tsaya in ka kama birki, ba tare da ta shanye maka ƙarfi ba. DHR II 2.3 ta dace, Nobby Nic ta Schwalbe ko sabuwar Forekaster ta Maxxis ma sun yi ga wanda ya fi son sauƙin tuƙi.

Maganar faɗi, mutane da yawa na ɗauka babbar taya ita ce riƙo, a yashi haka ne, a laka ba haka bane. Mai faɗin 2.6 tana yawo a saman laka maimakon ta yanka ta, kuma tana cinye filin dake tsakaninta da firam. An taɓa kawo min keke irin naka an cusa masa 2.6 a baya, laka da yashi suka taru a wajen suka yi ta goga har fentin ya tafi, alminiyon ya fito fari da rami a jikinsa inda yatsa ke jin kwarin. Firam in ya cinye a nan babu gyara mai daɗi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, bayan an ɗora taya an bata iska sai in ɗauki alanki mai lamba 6, wato ɗan mabuɗin kusa mai kaurin milimita 6, in zura tsakanin haƙorin gefe da ƙarfen firam, dama da hagu da sama, in bai wuce ba tayar ta yi girma. Kekuna irin naka da suka zo da 2.25 yawanci bayansu baya ɗaukar fiye da 2.3 ko 2.35, gaba kuwa fok, wato ƙarafa biyun dake riƙe wil ɗin gaba, ya kan ba da fili har 2.4 cikin kwanciyar hankali. Ban ga keken naka da idona ba, don haka wannan awon kai zaka yi shi kafin ka biya kuɗi.

Sannan ka duba lambar dake gefen tayarka, zaka ga wani abu kamar 57-622. Ta farko faɗi ne a milimita, ta biyu girman rim, 622 shi ne 29, 584 shi ne 27.5, 559 shi ne tsohon 26. In kana oda ta intanet wannan lambar zaka bi, don hoto na yaudara. Kuma in kaga Maxxis an rubuta WT, an yi ta ne don rim mai faɗin ciki milimita 30 zuwa 35. Rim ɗin kamfani na irin kekenka ya kan zama siriri, wajen 23 zuwa 25, in ka ɗora masa WT tayar zata yi tulluwa haƙoran gefe su koma can nesa, sai ka kwantar da keke sosai kafin su taɓa ƙasa. A siririn rim gara 2.3 wadda ba WT ba, ko Magic Mary ɗin.

Roba da jikin taya

Nan ne mutane ke asarar kuɗi ba tare da sun sani ba, don taya ɗaya mai suna ɗaya zane ɗaya tana zuwa da roba kala uku ko huɗu, kuma a jiƙaƙƙen dutse robar ta fi zanen muhimmanci. Roba mai tauri tana daɗewa tana gudu amma a kan jiƙaƙƙen fa tsalle take yi tana sulɓewa, mai laushi kuma tana lafewa a jikin dutsen. Tayoyin da kamfani ke ɗorawa kusan kullum masu tauri ne. A Schwalbe sun sauƙaƙa, akwai layin kala a jikin tayar, ja ta gudu ce, shuɗi tsaka-tsaki, ruwan lemo mai laushi, shunayya mai laushi ƙwarai. Kai ruwan lemo zaka nema a gaba, shuɗi ko ruwan lemo a baya. A Maxxis kuma MaxxTerra ita ce ta tsakiya, MaxxGrip mai laushi ƙwarai, wadda aka rubuta Dual ko ba'a rubuta komai ba ita ce mai tauri. MaxxTerra a gaba ta ishe ka. MaxxGrip da shunayyar Schwalbe riƙonsu abin mamaki ne wallahi, amma in ka sa a baya dutsen nan zai gutsure haƙoran cikin ɗan lokaci, kuma a hawan Shafa zaka ji kamar ana riƙe maka riga ta baya.

In kana shago ka kama haƙori ɗaya da farce ka murɗa ka saki. Mai tauri zata dawo nan take, mai laushi zata dawo a hankali kana kallo. Ka kuma lanƙwasa tayar ka duba gindin haƙoran, in kaga 'yan tsage-tsage ko robar ta yi fari-fari ta bushe to ta daɗe a sito zafi ya dafa ta, ka ajiye musu ko da an rage kuɗi. Wannan matsalarmu ce ta nan wadda Bature baya ambata. Shi damuwarsa roba na sandarewa in sanyi ya kai ga ƙanƙara, mu kuwa sanyin Hada da safe bai cika kai wa nan ba, abinda ke kashe mana taya shi ne zafin Jidda, keke a saman soro ko a bayan mota rana na dukansa wata shida. Tayar sanyin in ka cire ta ka rataye ta cikin ɗaki inda rana bata kaiwa.

Jikin taya kuma, wato bangon gefe, a nan bana yarda a yi rowa. Duwatsunmu masu kaifi ne kuma a jiƙe roba ta fi saurin yankewa. Mafi ƙaranci EXO a Maxxis ko Super Ground a Schwalbe, amma ga nauyinka da keken da bashi da shokoba a baya na fi son EXO+ ko Super Trail. DoubleDown da Super Gravity da na gangara zalla sun yi maka nauyi, bar wa masu keken lantarki da masu tsalle-tsalle. Ka kuma tabbata mai naɗewa ce ba mai waya a baki ba, masu wayar sun fi arha amma yawancinsu robar mai tauri ce kuma basa yin tubles, wato aiki babu tif a ciki.

Iska, wadda kyauta ce

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya ina son ka amsa wa kanka wannan, nawa ne iskar dake cikin tayarka ranar da ka faɗi? Yawancin samarin dake zuwa wajena basu sani ba. Sun tsaya wajen mai banshar, wato mai facin tayar mota, a hanya ya ɗura musu da injin mota har taya ta yi tauri, ya matsa da hannu yace tamam. In na sa ma'auni sai inga 40, wani 45, a lissafin psi da ake auna iskar taya da shi. Da irin wannan iskar ko tayar da tafi kowacce tsada ka ɗora sai ta zame, domin wajen dake taɓa ƙasa ya zama ɗan mitsitsi, tayar bata lotsawa ta rungumi dutse, kuma bata motsin da zai tofar da laka. Ma'aunin masu banshar an yi shi ne don motoci, a iska kaɗan irin ta keke ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ka sayi ɗan ƙaramin ma'auni na dijital mai shiga bawul ɗin keke, zai yi maka aikin da ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Ga kilo 78, in har yanzu da tif kake, fara da 26 a gaba 29 ko 30 a baya. Ƙasa da haka da tif akwai haɗarin dutse ya matse tif ɗin da bakin rim ya yi masa huda biyu a jere. In ka koma tubles sai ka sauko wajen 21 zuwa 22 a gaba, 25 zuwa 26 a baya. Wannan mafari ne, daga nan sai ka nemi wata 'yar gangara da ka sani ka yi ta maimaitawa kana rage ɗaya ɗaya. In kaji rim ya daki dutse ƙwal, ko tayar baya tana naɗewa a kwana, ka wuce gona da iri, mayar da ɗaya ko biyu. Ranar da ƙasa ta jiƙe ka rage ɗaya daga abinda ka saba, tunda dama gudun naka zai ragu.

Ga wani abu da ya shafe ku 'yan Jidda musamman. Kuna ba taya iska a gida a bakin teku sannan ku hau mota zuwa Hada, wajen mita 2,000 sama. A can iskar sararin ta fi sauƙi, a bakin teku tana danna psi 14.7, a mita 2,000 kuwa wajen 11.5, don haka tayar da ka bar gida da ita tana 22 zata nuna kusan 25 a sama ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Sai kuma sanyi ya ja ta baya, in ka baro Jidda ana digiri 28 ka tarar da 10 a sama zata sauka kamar psi 2. Da sassafe su biyun sun kusa cinye juna, amma in rana ta ɗaga gari ya yi ɗumi sai ka koma kana tuƙa taya mai tauri fiye da yadda ka yi niyya, kuma a taya mai iska 22 bambancin 3 ba ƙaramin abu bane. Saboda haka awo a bakin hanya ake yinsa, bayan ka sauke keke daga mota ya ɗan sha iskar wajen, ba'a gida ba.

Tubles

Ina matsa wa kowa ya koma tubles saboda dalili biyu, yana baka damar rage iska ba tare da tsoron matse tif ba, sannan ƙaya. Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin itatuwan ɗalh da samur ya san aikin, kuma bayan ruwa ƙayar da ambaliya ta kwaso tana kwance cikin laka baka ganinta. Ruwan faci dake cikin tayar yana toshe waɗannan hudojin kana tafiya baka ma sani ba. Abinda ake buƙata shi ne rim da aka rubuta yana karɓar tubles, taya mai alamar TR ko TLE ko TLR, tef na rim, bawul biyu, da ruwan facin kamar mililita 100 zuwa 120 a kowace taya 29. In rim ɗinka bai nuna yana karɓa ba kar ka tilasta masa da kanka a gida, kai wa makaniken da ya san aikin ya duba, taya ta fita daga rim a gangara ba abin wasa bane.

Sai dai ka sani a zafinmu ruwan baya daɗewa, wata biyu zuwa uku ya bushe ya zama ƙwallon roba a ciki, da rani ma baya kai haka. Ka riƙa girgiza wil kusa da kunne, in baka ji motsin ruwa ba lokacin ƙari ya yi. Kuma kullum ka tafi da tif ɗaya a jaka da 'yar igiyar toshe huda. Ranar da dole ta sa ka saka tif a daji, ka bi cikin tayar da tsumma a hankali tukuna, don zaka tarar da tsofaffin ƙayoyi a tsaye a ciki waɗanda ruwan ya rufa musu asiri, in baka cire su ba sabon tif ɗin ba zai kai ka mota ba.

Inda taya bata da magani

Ni a Maiwurno na taso, gefen Sinnar a Sudan, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar Jazira da damina ya san akwai lakar da keke baya shiga. Da rani ta tsattsage, da ruwa ya sauka ta kumbura ta kama duk abinda ya taɓa ta kamar ƙanzo a gindin tukunya, taku goma wil ya daina juyawa, sai dai ka saɓa keken a kafaɗa kuma ya ninka nauyi. Lakar cikin wadi da jar lakar Riyad da sabkha duk 'yan uwanta ne. A irin wannan babu tayar da zan ce maka ka saya, ko Wetscream ɗin ma cikewa take. Kuma in ka dage kana tuƙawa da ƙarfi lakar tana taruwa a giyar baya ta karya ɗan ƙarfen da giyar ke rataye a jiki, ko ta tura ta cikin sifok, wato wayoyin wil. Da zarar kaga taya ta fara yin kauri tana ɗaukar ƙasa, tsaya, juya, nemi hanyar dutse. Kwana ɗaya ko biyu na haƙuri ya isa, kuma hawan da yafi kowanne daɗi a duwatsun nan shi ne na washegarin ruwa, lokacin da yashi ya kwanta ya danƙare babu ƙura babu caɓi.

Ina roƙonka kuma da girman Allah, kai da abokanka, ku kiyayi cikin wadi in akwai hadari ko a nesa ne. Ruwa na iya sauka a kan tsauni kai kana ƙasa rana na haska ka, ambaliya ta zo da duwatsu da itatuwa cikin mintuna. Kai ɗan Jidda ne, iyayenka zasu baka labarin Nuwamba 2009 da aka rasa rayuka sama da 100 a cikin gari. Ku duba sanarwar hukumar yanayi kafin ku fito, dama hanyar Hada kanta akan rufe ta in ruwa ko hazo ya yi yawa. Sannan 'yan hanyoyin dake ratsa gonakin wardi, in ƙasa ta jiƙe ku kauce musu, tayoyi biyar shida in suka bi sai su bar kwari wanda ruwa na gaba zai bi ya zaizaye wa manomi gefen gonarsa, mu da muke zaune a nan mu ake yi wa ƙorafi.

Bayan kowace fita ka wanke keken da bokiti da buroshi, kar ka kai shi wajen wankin mota su harba masa ruwa mai ƙarfi a cikin boris. Yashin giranit da ruwa suna cin sarƙa da takalmin birki da sauri, ka share sarƙar ka sa mata mai, ka leƙa birkin. Ƙaramin madigad na roba a fok shima ka sa, arha ne kuma yana hana laka shiga ido.

Yadda zan raba riyal 600 ɗin

Taya mai kyau irin waɗanda na ambata a nan ta kan kama wajen riyal 250 zuwa 350 gwargwadon shago da irin jikin, don haka kuɗinka ba zai ɗauki biyu da kayan tubles da ma'auni duka a lokaci guda ba. Da ni ne, Magic Mary 2.4 mai layin ruwan lemo Super Trail a gaba, ma'aunin iska, sai tef da bawul da ruwan faci in rim ɗin ya yarda. Abinda ya rage ka riƙe shi. A baya ka duba tsofaffin tayoyin naka biyu, ta gaban yawanci haƙoranta sun fi saura, mayar da ita baya ka ƙarasa sanyin nan da ita, in ba mai karɓar tubles bace ka bar mata tif ɗinta da iska 29 ko 30. In albashi ya shigo sai ka ƙara ka sayi DHR II 2.3, zata riske ka kafin ruwan Afrilu da Mayu wanda a Ɗa'if ya kan yi ƙarfi shima. Wajen ɗorawa ka kula da kibiyar dake gefen taya mai nuna inda zata juya, in aka juya ta baibai birki da zubar da laka duk suna raguwa. Ka turo min lambar dake jikin rim ɗinka da hoton wajen da tayar baya ke wucewa tsakanin ƙarafan firam, sai in faɗa maka ko 2.3 zata shiga da fili ko mu tsaya a 2.25.